Mujiyar Shubra

Ni dai ruwan rake nake sayarwa a unguwar Shubra ta birnin Alƙahira, kuma duk wanda ya ce babba da furfurarsa bai kamata ya riƙa hawa jirgin lilo ba, to ya je ya sha ruwan rakensa a wani shagon. Mu huɗu ne muke haɗuwa a wurina kowace Juma'a bayan la'asar, ba mu da zance sai na jirgin nan mai gudu a kan dogo, wanda zai hau da kai can sama, ya kifo ka, ya juya ka ƙafa sama kai ƙasa, ka sauko kana neman a sake. Akwai ni Fikri. Akwai Madam Afaf, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, ita ce shugabarmu, ba don mun zaɓe ta ba, sai don babu mai iya musu da ita. Akwai Midhat direban tasi, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Sai Ustaz Wagdi, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda muke kira Mujiya.

Sunan ba haka kawai ya same shi ba. Mutum ne mai kirki, kullum rigarsa a goge, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma Allah ya yi shi da kambun baka. Mun taɓa zuwa Iskandariya hawa wani jirgi, muna kan layi ya ɗaga kai ya ce, “Kai, wannan ko agogo bai fi shi aiki daidai ba.” Bai rufe baki ba wuta ta ɗauke. Ya yabi sabbin tayoyin Midhat, ɗaya ta fashe kafin mu kai gada. Injin matse rakena ma bai tsira ba, ranar da ya ce ƙararsa da daɗin ji, ranar bel ɗinsa ya tsinke. Tun daga nan, da ya buɗe baki zai yabi abu sai kowa ya yi wuf ya kama katakon teburi, wai taɓa katako na kore kambun baka. Midhat ne ya fara rantsewa ba zai ƙara shiga jirgi ɗaya da shi ba, kamar da wasa abin ya zama doka. Mu hau namu, shi ya jira na baya ya hau cikin baƙi.

Ga kuma wata matsalar. A filin wasa na Zabarjad, can bayan gari kan hanyar hamada, inda manyan jiragen suke, duk wanda ya cika shekara sittin ba a barinsa ya hau, sai dai ya zauna a inuwa ya sha shayi. Ustaz Wagdi kuwa zai cika sittin a watan Nuwamba. Wata rana ya riga kowa zuwa, ina wanke kofuna, ya ce min, “Fikri, ni fa ba wani abu nake so ba. Sau ɗaya dai in zauna a tsakiyarku mu yi ihu tare, kafin su rufe min ƙofa.” Na ce masa in sha Allahu, irin in sha Allahun da ake faɗa wa mutum don ya yi shiru.

Da zafi ya fara shigowa, sai masu Zabarjad suka saka wani hoto a shafinsu na intanet. Baƙi ne wuluk, ba komai a ciki sai idanu biyu rawaya, kewayayyu, a ƙasa an rubuta: “Tana kallonku.” Kowa ya san sabon jirgi suke ginawa, don mun daɗe muna hango ƙarafa ta saman katanga. Ranar Juma'ar nan ko ciniki ban yi ba.

Midhat ya dangwara wayarsa a kan teburi ya ce, “Ido biyu, zobe biyu. Sau biyu zai juya mu. Magana ta ƙare.”

Madam Afaf ta ce, “Da magana tana ƙarewa a bakinka, da duniya ta huta.” Ta zaro rula daga jakarta, ta ɗora a kan fuskar wayar tana auna tazarar da ke tsakanin idanun. Wai daga nan za ta gane tsawon gangaren.

Na ce, “Ni fa kyanwa na gani. Kyanwar Fir'auna. Ku jira ku gani, ta cikin kabari za a bi da mu.”

“Kyanwar gidanku,” in ji Midhat. “In ba zobe ba ne, to fitilun ƙaramar bas ne, irin mai zuwa Giza. Wannan kam ta fi kowane jirgi ban tsoro.”

Ustaz Wagdi yana gefe yana murmushi, yana juya kofinsa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

Mako ya kewayo suka saki na biyu, gashin tsuntsu guda ɗaya yana saukowa a hankali, babu sauti ko kaɗan. Madam Afaf ta ce rashin sautin shi ne saƙon, wato babu sarƙar da ke jan jirgi tana ƙara, da maganaɗisu za a harba mu. Midhat ya ce gashin kaza ne, duk wahalar banza muke yi, gidan gasa kaji za su buɗe. Suka yi ta yi har wani mai sayen ruwan rake ya sa baki ya ce jimina ce, Madam Afaf ta tambaye shi ko an gayyace shi.

Na uku shi ya kashe bakin kowa. Ɗan gajeren bidiyo ne. Idanun nan suka ƙifta, kan ya juya har ƙeya, sai muka ji “huu, huu.” Wata tsohuwa da ke jiran in zuba mata a leda ta ja wuyan rigarta ta tofa a ciki, ta yi a'uziyya, ta fice ba ta karɓi komai ba.  A hankali dukanmu muka juya muka kalli Ustaz Wagdi.

Midhat ya ce, “Barka, ya Basha, ranka ya daɗe. Sun sa wa jirgi sunanka.”

Na ce, “Wai wane mahaukaci ne a Masar zai gina abin hawa ya ce mujiya ce? Tsuntsun kufai fa!”

Madam Afaf ta ce, “Aikin wanda ya yi karatu a Turai ne. A can mujiya tabarau take sawa, ita ce malamar tsuntsaye.”

Abin mamaki, fuskar Ustaz Wagdi haske ta yi. Ya gyara zama ya ce, “Ni kam ina ganin wannan jirgi zai yi matuƙar...”

“Kar ka ƙarasa!” Mu uku muka faɗa tare, hannuwa shida a kan teburi, har kofi ya faɗi.

A nan ne dabarar ta zo wa Madam Afaf, kuma in ka ji ta ce “lissafi ne mai sauƙi,” to ka nemi wurin ɓuya. Ta ce, “Lissafi ne mai sauƙi. In ya yabi abu, abin ya lalace. To ya zage shi mana, sai ya gyaru. Ustaz, daga yau duk Juma'a za ka tashi ka tsine wa jirgin nan. In aka buɗe shi lafiya, kai ne a layin gaba, mu a gefenka.”

Ya kalle ta. Ya ce, “Har da Midhat?”

Midhat ya kama gashin bakinsa ya ce, “In ban hau ba a aske wannan a tsakiyar Shubra.”

Farkon abin ban tausayi ne, don mutumin bai iya zagi ba. Ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce, “To, a ganina, da wuya fentinsa ya yi kyau sosai.”

Madam Afaf ta ce, “Ustaz, wannan zagi ne ko gaisuwar ta'aziyya? Sake.”

“Ƙila layin ya yi tsawo.”

“Haba Ustaz! Ka tuna maƙwabcinka mai zubo muku ruwan wanki a kan shanya. Ka ɗauka shi ne jirgin.”

To, sannu a hankali ya ƙware. Kafin wata ya ƙare, in ya tashi har masu wucewa tsayawa suke yi. Wata Juma'a ya miƙe, idonsa ya yi ja, ya nuna sama da yatsa ya ce, “Mujiya! Wa ya taɓa jin an hau mujiya an sauko lafiya? Tsuntsuwar da ba ta sauka a gida sai an yi makoki! Ko noti ɗaya na jikinta ba zai kai baɗi ba! Duk wanda zai hau ya bar wasiyya, ya yafe wa matarsa, ya nuna wa 'ya'yansa inda ya ajiye makulli!” Muka yi ta tafi, Midhat har da faɗowa daga kujera. Ni dai na lura da ya zauna, ruwan raken da na zuba masa har ya yi baƙi bai taɓa ba.

Ashe Midhat ya ɗauki abin a waya. Wai 'yan uwansa direbobi kawai ya tura wa, su yi dariya. Direban tasi kuma! Ai gara ka ba gidan rediyo. Kafin Juma'a ta dawo, babu wayar da bidiyon bai shiga ba a Alƙahira. Wani ya sa masa kiɗa, yara suna rawa da “ya bar wasiyya.” Surukata ma ta turo min, tana gargaɗina kada in kai jikokinta wurin, ba ta ma lura da allon shagona a bayan mutumin ba. Iyaye mata suka cika shafin Zabarjad da Allah wadai. Ba a jima ba masu wurin suka fito da sanarwa, wai don mutunta ra'ayin jama'a za su sauya wa jirgin kama ya koma shaho, saboda haka an ɗage buɗewa sai baɗi. Baɗi kuwa Nuwamba ta daɗe da wucewa.

Juma'ar da ta biyo baya kamar zaman makoki. Madam Afaf ko rularta ba ta zaro ba. Midhat, maimakon kunya ta kama shi, sai ya ce, “Kun gani ko? In ya yaba tsiya, in ya zaga tsiya. Fikri, ba ni tulu in fasa a bayansa in ya fita, ko Allah zai raba mu da wannan ƙashin tsiya.”

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na ɗebi ɓawon rake na watsa masa a fuska ba. Na ce, “Shi ya tura wa direbobi? Kai ne mujiyar, mujiya mai lasin tuƙi!” Muna cikin wannan hayaniya Ustaz Wagdi ya tashi, ya mayar da kujerarsa inda take, ya yi mana sallama ya tafi. Juma'a ta gaba kujerar ta wuni babu kowa, abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Ranar wata Talata da hantsi wata matashiya ta shigo shagona, da ganinta ka san ba ruwan rake ya kawo ta ba. Ta ɗaga waya ta gwada allona da na cikin bidiyon, ta ce, “Nan ne.” Sunanta Ustaza Nirmin, ita ce mai kula da tallan Zabarjad, kuma ita ce ta zaɓi mujiyar. Ta ce ta yi shekaru tana karatu a waje, ba ta taɓa tsammanin wani dattijo mai gogaggiyar riga zai rusa mata aikin shekara a shagon rake ba. Na zuba mata kofi ɗaya, ta shanye, ta ɗan huce.

Ta ce, “Jirgin nan a gama yake. Mun daɗe muna gwada shi da buhunan yashi. Na roƙi manyana su ba ni dama ɗaya. In mutumin da ya tsine masa ya hau a gaban kyamara, ya sauko yana dariya, mujiya ta zauna, a buɗe a kan lokaci. Ina yake?”

Na aika aka kira Madam Afaf da Midhat, ni kuma na je da kaina na ɗauko Ustaz Wagdi. Na same shi da kayan barci da rana tsaka, bai ko aske gemu ba. Ya zo ya zauna ya saurari yarinyar har ta gama, sannan ya ce, “'Yata, ki yafe min, ni ban taɓa ƙin jirginki ba. Zan hau. Amma ba ni kaɗai ba. Na gaji da hawa ni kaɗai.” Ya juyo ya kalle mu.

Ka ji fa. Jirgin da ɗan Adam bai taɓa hawa ba, sunansa Mujiya, ga Mujiya a layin gaba. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Madam Afaf ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Can ta ce, “Na yi alkawari a gaban shaidu. Zan hau.” Na ce ni ma. Midhat ya buga ƙirji ya ce shi ai ko a kan rufin jirgin aka ɗaure shi zai je.

Ranar da aka sa, da safe, Midhat ya kwashe mu a tasinsa, ya rataya shuɗin dutsen ido na maganin kambun baka a wuya har uku. Muna isa gindin matakala ya dafe ciki ya ce kosharin da ya ci jiya, shinkafa da taliyar nan, shi ne ke murɗa masa, mu yi gaba yana zuwa. Da muka leƙo daga sama, ga shi can a tsaye bayan masu kyamara, lafiyarsa lau, yana ɗaga mana hannu.

Jirgin kuwa ya yi kyau, gabansa kan mujiya ne da manyan idanun nan rawaya. Muka zauna a layin gaba, Madam Afaf a dama, ni a hagu, Ustaz Wagdi a tsakiya da sabuwar riga. Tun da muka baro gida bai ce uffan ba, ya matse leɓɓansa kamar mai riƙe da ruwa a baki. Aka sauke mana ƙarfen kafaɗa, jirgi ya kama hawa. Da sarƙa fa ake jansa, tana ƙara ƙaƙas-ƙaƙas, na so in tsokani Madam Afaf da zancen maganaɗisunta amma tsoro ya hana ni.

Muka hau, muka hau, har dala uku na Giza suka zama kamar tulin yashin magini. Muka kai ƙololuwa. Jirgin ya leƙa da hancinsa ƙasa, ƙafafunmu suna reto a iska, ba komai a gabanmu sai rami. Sai ya tsaya cak.

Madam Afaf ta fara salati da ƙarfi. Ni kuwa duk abin da na sani game da jirage ya gudu daga kaina, abu ɗaya nake tunani, shi ke nan, ta faru. Ana cikin haka na ji muryar Ustaz Wagdi ƙasa-ƙasa.

“Ku yafe ni. Wallahi ban ce komai ba. A zuciyata kawai na yaba.”

Na juya na kalle shi. Hawaye ne a fuskarsa, kuma ba na tsoron faɗuwa ba ne. Ashe abin da muke yi da dariya a bakin teburi, shi ya daɗe da yarda da shi, har tsoron zuciyarsa yake ji. Tausayinsa ya kama ni, haushin kanmu ya kama ni, na kamo hannunsa na riƙe gam. Na buɗe baki zan faɗa masa wata babbar magana, sai jirgin ya sake mu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Wayyo uwata!”

Ashe haka aka ƙera shi, ya rataye mutane a bakin rami na ɗan lokaci kafin ya sako su. Mun ga irinsa a bidiyo ba adadi, amma a sama babu wanda ya tuna. Sauran tafiyar ban iya ba da labarinta daidai ba. Na san mun juya, na san sama ta koma ƙasa, na san Madam Afaf, wadda ɗalibanta ke rawar jiki in sun ji takunta, ta yi ta kiran sunan marigayi mijinta. A tsakiyarmu kuma akwai wata murya da ban taɓa ji ba, ƙatuwa, tana ihu tana dariya lokaci guda. Sai da muka kusa tsayawa na gane ta Ustaz Wagdi ce.

Jirgi ya shigo tasha ya tsaya lafiya. Tabarau ɗin Madam Afaf ya koma kan kunne ɗaya, tana ta ƙyalƙyala dariya kamar 'yar aji ɗaya. Masu kyamara suka matso, Ustaza Nirmin ta miƙo abin magana.

“Ustaz, yaya ka ji Mujiyar?”

Gashin kansa a tsaye, sabuwar rigar ta yamutse. Ya ce, “Wallahi, 'yata, ya yi da...” Sai ya yi sauri ya toshe bakinsa da tafin hannu. Ya kalli dogon, ya kalli ƙarafan da ke samanmu, ya kalle mu a tsorace.

Na kama hannun na sauke shi daga bakinsa. Na ce, “Ƙarasa, ya Ustaz.”

Madam Afaf ta ce, “Ƙarasa mana, muna jinka.”

Ya ce, “Ya yi daɗi,” a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ya ɗan saurara. Sannan ya ɗaga murya yadda har na ƙasa za su ji, “Ya yi daɗi! Wallahi ban taɓa hawa mai daɗinsa ba!”

Yaron da ke kula da jirgin ya zo zai ɗaga mana ƙarfen kafaɗa, Ustaz Wagdi ya riƙe nasa ya ce, “Ɗana, in ba damuwa, a sake.” Yaron ya kalli Ustaza Nirmin, ta gyaɗa kai. Babu wanda ya tashi a cikinmu, muka sake hawa, shi a tsakiya.